Sai an gwada ƙasa kafin a haƙa sokawe a ƙauye?

Ɗan_Kadawa:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawarar masu sani nake nema. Na fara gini a gonar da muka gada wajen mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, a wani ƙauye tsakanin Kura da Garun Malam. Ɗaki huɗu ne da falo. Hajiyarmu za ta zauna da ƙannena, idan na zo da iyali mu takwas ke nan. Saboda ciwon gwiwa Hajiya ba ta iya tsuguno, shi ya sa na ce banɗakin zama za a sa mata, mai ruwa. Gini ya kai linta, yanzu maganar sokawe ake. Birkilana ya ce a haƙa ƙafa 12 a bayan gida, a zagaye da bulo, a zuba murfin kankare a kai, shi ke nan, haka yake yi shekara da shekaru. Wani abokin aikina kuma ya ce kada in kuskura in sayi siminti sai an gwada ƙasar an ga ko tana shan ruwa. Ni gwajin ƙasa don taki na sani, ban taɓa jin na masai ba. Akwai rijiya a gonar tun ta Baba, ita za a riƙa sha. Gwajin nan gaskiya ne, ko wani salon cin kuɗi ne na 'yan boko?

Sarkin_Magina:
Wa alaikumus salam. Alhaji, bi maganar birkilanka. Shekarata 26 ina riƙe da cokalin gini, sokawen da na gina ban san adadinsu ba, ban taɓa gwada wata ƙasa ba. Ido ne gwajin. Mai haƙa yana sara uku ka san da wa kake magana.

Maman_Ikilima:
Hmm, Sarkin magina, mu ma haka namu ya ce, ido ne gwajin. Damina biyu muka yi, ta uku a watan Agusta idan ka ja ruwa a banɗaki sai abin ya dawo maka yana kumfa. Tsakar gida kuwa ba a zama don ɗoyi. Da aka buɗe murfi, ruwa ne fal har baki, kuma ba namu ba ne, na ƙasa ne ya taso ya cika ramin. Sau uku mota tana zuwa kwasa a daminar nan, kwana huɗu ya sake cika. Ashe ruwan unguwa gaba ɗaya muke biya a kwashe.

Sarkin_Magina:
Hajiya, wannan ba laifin ƙasa ba ne, wanda ya yi muku aikin ne bai iya ba.

Injiniya_Ruwa:
Malam Ɗan_Kadawa, abokinka ya faɗa maka gaskiya, kuma gwajin ba sai ka biya kowa ba. Amma bari mu fara raba abu biyu da muke haɗawa mu kira sokawe.

Na farko tanki ne, wanda ake ginawa a shafe cikinsa da siminti har ƙasa don kada ya yi yoyo. Yawanci ɗaki biyu ake yi masa, na farkon ya ɗauki kashi biyu cikin uku. Aikinsa ya tsayar da abin da ya fito daga banɗaki, mai nauyi ya kwanta, maiƙo ya taso sama, ƙwayoyin halitta su riƙa cinye na ƙasan a hankali. Ruwan tsakiya ne yake wucewa. Na biyu shi ne ainihin sokawen, inda wannan ruwa yake zuwa ƙasa ta shanye. To ruwan da ya fito daga tanki ba mai tsabta ba ne ko kaɗan, ƙasar ce take tace shi yayin da yake ratsa ta. Idan laka ce ba ta sha, zai dawo maka gida. Idan kuma yashi ne zalla, zai zarce da dattinsa ya sami ruwan rijiya. Tsaka-tsaki ake nema.

Ga yadda za ka yi. A wurin da kake son sa sokawen, a haƙa ƙasa zuwa zurfin da bututu zai fito. A gindin wannan ramin a sake yanka ƙaramin rami, faɗi santimita 30, tsawo 30, zurfi 30. Lita 27 yake ci, jarka ɗaya da ɗan ƙari. A kankare gefunansa da ƙusa ko bakin wuƙa, domin shebur yana dalaye laka ya toshe ƙofofinta. A cika da ruwa da yamma a bar shi ya kwana. Da safe a sake cikawa, ka kafa sanda mai alama biyu, ɗaya a santimita 22.5 daga gindi, ɗaya a 7.5. Ruwa yana taɓa alamar sama ka duba agogo, yana taɓa ta ƙasa ka sake dubawa. Mayar da lokacin zuwa daƙiƙa ka raba da 150. A ƙa'idar gini ta Ingila, amsar da ta faɗo tsakanin 12 da 100 ita ce mai kyau. A taƙaice, idan ruwan ya sauka cikin ƙasa da rabin awa ta yi saurin sha, idan ya wuce awa huɗu da minti goma ta yi nawa. A yi a rami biyu aƙalla, kowanne sau uku.

BaZazzagi_77:
Injiniya, Allah ya ƙara ilimi. Amma me ya sa sai ruwa ya kwana? Ba ɓarnar ruwa ba ce?

Ɗan_Firgi:
BaZazzagi, zo wajenmu ka ga dalili. Ni mutumin Dikwa ne. Ƙasarmu baƙa ce, firgi, wadda ake dasa masakwa a kanta bayan damina. Da rani tana tsagewa har ka zura hannu zuwa gwiwar hannu. Ka zuba bokiti goma a lokacin, kafin ka juya babu ko ɗigo, ka ce ai ka sami ƙasa mai shan ruwa. Bari ta jiƙa ta kumbura. Tsagar ta rufe ruf, ruwa ya zauna a kai kamar a cikin kwano har wata da watanni. Wanda ya gwada ta a bushe ta yaudare shi. Shi ya sa sai an ƙosar da ita tukuna, sannan a tambaye ta gaskiya.

Injiniya_Ruwa:
Ɗan_Firgi ya gama amsawa, ba ni da ƙari.

DubaGari_MaiRitaya:
Yaro, duk kun tafi kan rami kun bar abin da ya fi tayar mini da hankali a tambayarka: rijiyar Baba. Taku nawa ne tsakaninta da bayan gidan? Abin da muka yi aiki da shi, kuma shi hukumomin agaji suke bi har a sansanonin 'yan gudun hijira, shi ne mita 30 tsakanin masai da rijiya, wato kusan ƙafa 100, taku arba'in na babban mutum. Sannan gindin ramin ya kasance aƙalla mita ɗaya da rabi sama da inda ruwan ƙasa yake kaiwa. Kuma rijiya ta kasance a tudu, masai a gangare, kada a juya.

Ƙafa 12 da birkilanka ya faɗa ta haura mita uku da rabi. A ƙasar Kura? Inda ruwan dam ɗin Tiga yake bin kwalbatoci rani da damina tun shekarun 1970 ana noman shinkafa da tumatir? Ka je ka leƙa rijiyar nan ka auna gaba nawa guga take yi kafin ta taɓa ruwa, sannan ka tambayi tsofaffin ƙauyen inda ruwan yake kaiwa a tsakiyar Agusta. Idan suka ce maka ana ɗiba da hannu, to ramin ƙafa 12 ba sokawe ba ne, rijiya ta biyu ka haƙa ka zuba mata kashi.

Ɗan_Kadawa:
Baba DubaGari, ka sa gabana ya faɗi. Wallahi ina tunawa muna yara da damina ko igiya ba ma sawa, kwanciya muke a baki mu ɗiba da ƙwarya. Nisan kuwa ban auna ba, amma bai kai taku arba'in ba. Zai yi ashirin.

Ɗan_Maradi:
Salamu alaikum. Mu nan wajenmu fos muka ce ma sokawe. Ni matsalata kishiyar taku ta. Gidana bisa jigawa yake, rairai zalla, ko tanka guda ka zuba ba ya kwana. Da munka gina, shekara tara ba a taɓa kwasa ba. Rijiyoyin ƙauyenmu kuwa sai ka yi gaba ashirin da wani abu kafin ka iske ruwa. To Injiniya, ni ma cikin hatsari nike ke nan tunda ƙasata na da saurin sha?

Injiniya_Ruwa:
Malam Ɗan_Maradi, zurfin nan shi ya cece ka. Ruwan da zai ratsa gaba ashirin na busasshen rairayi ya sami tata mai yawa kafin ya isa. Saurin sha yana zama bala'i ne idan ruwan ƙasa yana kusa, kamar mutanen da ke bakin gulbi. Abin da zan ce ka kula da shi biyu ne: rami a rairayi yana ruftawa, kada a bar mai haƙa ya yi zurfi ba a tokare ba. Na biyu, shekara tara ba kwasa ba abin alfahari ba ne idan tanki ne na gaske. Dattin da ya kwanta yana taruwa, idan ya kai bakin bututu sai ya bi ruwa ya je ya liƙe ƙasar sokawen, daga nan ko rairayi ya daina sha. Duk shekara biyu zuwa huɗu a leƙa.

Gwanin_Shawara:
Ku dai kuna wahalar da bawan Allah. A zuba gishiri buhu ɗaya da baƙin mai duk shekara, masai ba ya cika. Kakanninmu da wane injiniya suka yi shawara?

Nas_Hadiza:
Don Allah Malam kada ka koya wa mutane wannan. Baƙin mai kashe ƙwayoyin da ke cinye dattin yake yi, kuma ƙarshensa cikin ruwan ƙasa. Kakanninmu salga suka yi, busasshen rami ne, ruwan buta kaɗai yake shiga. Banɗakin zamani kowane ja lita shida ne zuwa tara, tsofaffin ma sun fi haka. Mutum takwas ka lissafa a wuni. Ba abu ɗaya ba ne.

Ni a asibitin karkara nake aiki. Wanda ya ga daminar 2021 ba zai yi wasa da maganar rijiya ba. A shekarar hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa a Najeriya ta ƙirga sama da mutum 111,000 da ake zaton sun kamu da kwalara, sama da 3,600 suka rasu, kuma Bauchi da Jigawa da Kano suna sahun gaba. Ban ce duk sokawe ne ya jawo ba, bahaya a fili da ambaliya suna da kaso babba. Amma mun sha ganin gida guda a kawo mana yara uku da amai da gudawa, ka bincika ka tarar rijiya da masai katanga ɗaya ce ta raba su. Ruwan kuma garau yake a ido, ba wari ba komai.

Abu_Sumayya:
Ina da tambaya a gefe. Idan an tashi dasa kujerar banɗakin, a kula kada ta fuskanci alƙibla ko ta ba ta baya. Magina da yawa ba sa lura.

Almajirin_Zaure:
Malam Abu_Sumayya, a mazhabarmu ta Malikiyya hanin a fili yake, a cikin ginannen makewayi an yi sauƙi. Amma wanda ya kauce ya fi, tunda ba a riga an dasa ba.

Abu_Sumayya:
Akwai malaman da suka ce hanin ya game ko'ina. Fita daga saɓani ya fi.

Maman_Ikilima:
Malamai a yi mana afuwa, mutum rijiyarsa na taku ashirin da masai, a bar shi ya ji da wannan tukuna.

BaZazzagi_77:
To ni ina ganin mafita mai sauƙi ce. Ya rufe rijiyar ya haƙa burtsatse, ya sa sokawensa inda ya ga dama. Burtsatse ai ya wuce inda datti yake kaiwa.

Mai_Burtsatse_Jos:
Ba kullum ba, yayana. Aikina ke nan. A ƙasar dutse irin tamu da taku ta Zariya da kudancin Kano, ruwan burtsatse daga ruɓaɓɓen dutse da tsagogin dutse yake fitowa. Tsaga ba ta tace komai, bututu ce kawai. Idan gindin sokawe ya sauka a kan dutse mai tsaga, abin da aka zuba yau zai iya tafiya nesa yadda yake. Sannan masu haƙa da yawa ba sa zuba siminti a zagayen bututun daga sama, sai su cika da tsakuwa har baki. Ruwan saman ƙasa sai ya bi jikin bututun ya gangara. Na taɓa buɗe wani da masu gida suke kukan ruwansu yana wari, taku shida ne tsakaninsa da sokawen maƙwabci ta bayan katanga. Kowa ya auna a cikin gidansa, ba wanda ya leƙa na wani.

Marmara ma haka. Wani wuri tana da ƙofofi tana sha, wani wuri ta daskare kamar kankare. Ba ka sani sai ka zuba ruwa.

Sarkin_Magina:
To ai ga shi kun dawo maganata. Wanda ya saba haƙa ya san marmara, ya san jangargari, ya san laka. Ka damƙi jiƙaƙƙiyar ƙasa ka murza a tafin hannu. Idan ta yi igiya har ka lanƙwasa ta zama zobe ba ta karye ba, yumɓu ce, kai wa masu tukwane. Idan ta wargaje, yashi ne. Idan ta dunƙule amma ta karye da ka lanƙwasa, ita ake so. Wannan ba agogo ba lissafi.

Injiniya_Ruwa:
Ranka ya daɗe Sarki, wannan da ka faɗa gwaji ne, kuma a makaranta ma ana koyar da shi. Ashe kana gwadawa, suna ne ba ka ba shi ba. Inda hannu yake gazawa shi ne ba ya faɗa maka inda ruwa yake kaiwa da damina alhali kana haƙa a watan Maris. Wannan sai rami mai zurfi, kamar mita biyu, ka duba launin bangonsa. Ƙasar da take shan iska ja ce ko ruwan ƙasa bai ɗaya. Inda ruwa yake kwanciya wata da watanni sai ta koma toka-toka da ɗigo-ɗigon tsatsa, kamar jikin zabuwa. Daga inda wannan launi ya fara, nan ne iyakar ruwan damina, ko da ka tarar da ramin a bushe ƙayau.

Hadejawa_Ne_Mu:
Mu da muke zaune da kacalla, ciyawar nan ta fadama, a bakin ƙofa mun san wannan. A Oktoban 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jihar farko da ta rabu da bahaya a fili, a daminar shekarar kuma ambaliya ta rusa masai ba iyaka a yankinmu. Abin da mutane suka koya shi ne a daina nutsawa ƙasa, a ɗaga sama. A gina ramin rabi a ƙasa rabi a waje, a yi masa matakala, a tara ƙasa a zagaye. Ba kyan gani, amma yana tsayawa.

Ɗan_Kadawa:
Matakala kuma? Gwiwar Hajiya ce fa ta kawo duk wannan magana.

BaKano_a_Leeds:
Ɗan'uwa, a nan ƙauyukan Ingila ba rami mai zurfi suke yi ba. Daga tanki sai a ja bututu masu huji a cikin dogayen kwari marasa zurfi, a shimfiɗa tsakuwa a ƙasa da sama, a rufe. Ruwan yana bazuwa a saman ƙasa inda iska take, maimakon a tura shi wuri ɗaya can ƙasa. Kai da kake da gona ai fili ba matsalarka ba ne. Su mita 50 ma suke cewa tsakaninsa da rijiyar sha. Sai dai kada a dasa darbejiya ko turare kusa, saiwarsu tana bin danshi ta cusa cikin bututu.

Zango_Kumasi:
Mu a nan biodigester ta yi yawa yanzu, ƙaramin akwati ne a saman ƙasa, ba a haƙa mai zurfi. Amma kada a ruɗe ka da cewa ba ta buƙatar komai. Dattin take riƙewa, ruwan dole ya sami inda za shi. Wasu sai su sake shi a kwata, maƙwabta su sha wari.

Ɗan_Kadawa:
Jama'a na dawo. Asabar da Lahadi na yi a ƙauye, na sa yara biyu suka yi haƙa. Rami na farko a bayan gida inda birkila ya nuna: bayan ruwa ya kwana, da safe na tarar da kusan rabinsa yana nan. Na cika, na zauna awa shida, bai sauka ya kai yatsa uku ba. Na biyu na kai shi can gabas wajen tudun da muke shuka gyaɗa, taku sittin da biyar daga rijiya. Sau uku na gwada, tsaka-tsakinsu awa biyu da minti biyar. Na raba kamar yadda Injiniya ya ce, ya ba ni 50.

Mai zurfin a tudun muka yi shi. Ja ce har zuwa wajen mita ɗaya da santimita 70, daga nan ta fara toka-toka da tsatsar nan, har na ɗauki hoto. Mun rufe ramukan da itace da ƙaya saboda yara da awaki. Birkila ya zo ya tsaya yana kallona da agogo a hannu, ya ce Alhaji ko dai ruwan ma albashi za a biya shi.

Injiniya_Ruwa:
Madalla. Bayan gida ya fita daga lissafi. Tudun yana da kyau, 50 tsakiyar ma'auni ce. Amma tsatsa a mita 1.7 tana nufin ramin ƙafa 12 ba zai yiwu ba ko a can. Kwari marasa zurfi irin na BaKano su ne naka, bututu kada ya wuce santimita 60 zuwa 70 a ƙasa, don a bar mita guda ta busasshiyar ƙasa a ƙarƙashinsa. Lissafin Ingila shi ne yawan mutane sau 50 ɗin nan sau 0.25, mutum takwas ya ba ka murabba'in mita 100 na gindin kwari. Kada adadin ya firgita ka, su sun gina shi ne a kan mutumin da ke kashe ruwa kusan lita 150 a wuni, har da wanka da injin wanki. Idan ka raba ruwan wanka da wanke-wanke ka kai shi wani wuri daban, banɗaki kaɗai ya shiga tanki, abin zai ragu sosai. Tankin kuma a shafe shi da kyau ciki da waje, tunda zai zauna cikin ruwa da damina. Kuma ko da wasa kada wani ya shiga tanki don gyara ko ɗauko abu, iskar ciki tana kashewa cikin mintuna.

Abu ɗaya ya rage da ban sani ba sai ka auna: tudun ya fi gidan tsayi? Ruwa ba ya hawa.

Sarkin_Magina:
Yauwa, ita nake jira a zo. Taku sittin da biyar na bututu zuwa kan tudu, da wane gangare? Sai dai a ɗaga fandishon banɗakin, kuma gini ya riga ya kai linta.

DubaGari_MaiRitaya:
Ko a bar sokawen a gangare nesa, a ƙaurar da rijiyar zuwa tudu. Haƙa sabuwar rijiya a ƙasar da ruwa ke kusa ya fi arha.

Ɗan_Kadawa:
Baba, rijiyar nan mahaifinmu ya haƙa ta da hannunsa shekarar da aka haife ni. Idan na ce wa Hajiya za a rufe ta, ni za a rufe. Gangaren kuma shi ne inda ruwa ya ƙi sauka. Akwai wani fili ta arewa wajen kukar, kamar ya ɗan fi gidan ƙasa, ban gwada shi ba. Sarki, idan na samo tiyo mai ruwa irin na awon lebur, mutum biyu za su iya auna gangaren, ko sai na ɗauko ka?

Sarkin_Magina:
Mutum biyu sun isa, amma tiyon ya zama fari wanda ake ganin ruwa, kuma a fitar da iska duka kafin a fara. Ka fara daga bakin bututun banɗakin Hajiya, ba daga tsakar gida ba.